Al Kapon mai tabo a fuska: ɗan mai askin da ya mallaki Shikago, lanho ya kai shi kaso

Cikin masu kallon finafinan Amurka a nan Nijar, ko a tsofaffin gidajen silima ko a rumfunan bidiyo na unguwa, da wuya a samu wanda bai san Scarface ba, fim ɗin 1983 da Al Pacino ya fito a matsayin Tony Montana, ɗan gudun hijirar Kuba da ya yi arziki da hodar iblis a Mayami har ta halaka shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan fim maimaici ne na wani tsohon fim mai suna iri ɗaya, baƙi da fari, wanda ya fito a 1932. Shi kuma wancan an gina shi ne a kan rayuwar wani mutum na gaske, wanda a lokacin da ake nuna fim ɗin yana tsare a gidan kaso na birnin Shikago, yana jiran a wuce da shi babban kurkukun gwamnatin tarayya. Sunansa Alphonse Gabriel Capone, duniya ta san shi da Al Kapon.

An haife shi ranar 17 ga Janairun 1899 a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Iyayensa ƴan ci-rani ne daga yankin Napoli na ƙasar Italiya. Uban mai aski ne, uwar tana ɗinki, ƴaƴansu tara. Gida ne na talakawa masu neman halal, babu wanda ya taɓa jin sunan uban a wata ɓarna. Yaron yana da kai, amma ba ya jure horo. Yana shekara 14 ya mari wata malama a makaranta, daga nan karatu ya ƙare. Ya yi ƴan aikace-aikace, shagon alawa, wurin ɗinke littattafai, amma hankalinsa yana wajen ƴan daban unguwa. A cikinsu ne ya san Johnny Torrio, wani gajeren mutum mai sanyin murya da ke tafiyar da caca da gidajen karuwai kamar yadda ɗan kasuwa ke tafiyar da kanti, kuma shi ne ya zama ubangidansa na gaskiya.

Tabon da ya ba shi suna ya same shi tun kafin ya kai shekara 20. Yana aiki a wata mashaya ta wani ɗan daba mai suna Frankie Yale, sai ya gaya wa wata budurwa maganar banza a gaban yayanta. Yayan ya zaro wuƙa ya yanke shi wuri uku a ɓangaren hagu na fuska da wuya. Har ya mutu Kapon bai son laƙabin mai tabo. Yana shafa hoda don ya rufe shi, yana juya wa masu ɗaukar hoto ɓangaren dama, wani lokaci ma ya ce a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ji raunin, alhali bai taɓa sa kakin soja ba. A ƙarshen 1918 ya auri Mae Coughlin, ƴar asalin Ayalan, suka haifi ɗa guda, shi ke nan haihuwarsu.

Torrio ya riga ya koma Shikago wajen wani babban mai gidajen karuwai, Jim Colosimo. Ya kira yaron nasa, Kapon ya tafi, ya fara da tsaron ƙofa a ɗaya daga cikin gidajen. Da a nan ya tsaya, da babu wanda zai ji sunansa. Sai ga doka ta zo ta buɗe masa ƙofar da bai taɓa mafarki ba.

Ranar 17 ga Janairun 1920, wato ranar da Kapon ya cika shekara 21 cif, dokar hana giya ta fara aiki a duk faɗin Amurka. An yi wa tsarin mulki gyara na 18, aka haramta yin barasa, da sayar da ita, da safararta. Waɗanda suka yi fafutikar kafa dokar, galibinsu ƙungiyoyin mata da na coci, suna da hujjarsu: sun ga magidanta na shanye albashi a mashaya, sun ga dukan mata da yunwar yara. Amma dokar ba ta haramta shan kanta ba, kuma miliyoyin mashaya ba su daina ƙishi ba don majalisa ta kaɗa ƙuri'a. Jami'an da aka ɗauka don tsare dokar kaɗan ne, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ga yadda farashin kaya ya tashi da yadda hanyoyin daji suka cika lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kayan da ake so, idan aka toshe masa babbar hanya, ribarsa takan koma hannun mai ƙarfin hali da mai iya sayen jami'i.

Torrio ya gane haka nan take. Colosimo kuwa bai nuna sha'awa ba, ya wadatu da abin da yake samu. A watan Mayun 1920 aka harbe shi a ƙofar gidan cin abincinsa, ba a taɓa hukunta kowa ba, harka kuma ta koma hannun Torrio. Dabararsa ita ce a raba birnin tsakanin ƙungiyoyin daba, kowa da yankinsa, kowa ya sayar da giyarsa ba tare da zub da jini ba. Suka sayi masana'antun giya da aka rufe, suka riƙa shigo da wuski daga Kanada, suka sa ƴan sanda da alƙalai da ƴan siyasa a jerin masu karɓar rabo duk wata. Kapon ya zama na hannun damansa, yana yawo da katin da ke cewa shi dillalin tsofaffin kujeru da gadaje ne.

Da aka zaɓi William Dever magajin garin Shikago a 1923, mutumin da ya ƙi karɓar toshiya, sai suka kwashe kayansu zuwa Cicero, wani ƙaramin gari da ke manne da birnin. A nan ne aka ga abin da daba ke yi wa zaɓe. Ranar 1 ga Afrilun 1924 yaran Kapon suka mamaye rumfunan zaɓe da bindigogi, suka sace ma'aikata, suka riƙa duba takardar mai ƙuri'a kafin ya jefa. Aka turo ƴan sanda daga Shikago, aka yi musayar wuta, yayansa Frank ya mutu a kan titi. Amma ƴan takararsu sun ci, garin ya zama nasu. Akwai wani abin mamaki a wannan gida: babban wansu, wanda ya gudu daga Buruklin tun yana saurayi, ya sauya suna zuwa Richard Hart, ya zama jami'in kama masu safarar giya a jihar Nebraska, yana farautar irin sana'ar da ƙannensa ke ci da ita.

Zaman lafiyar Torrio bai daɗe ba. Shugaban ƴan daban arewacin birnin, Dean O'Banion, ɗan asalin Ayalan mai shagon furanni, ya sayar wa Torrio hannun jarinsa a wata masana'antar giya alhali ya san ƴan sanda za su kai samame can, aka kama Torrio a wurin. A watan Nuwamban 1924 mutum uku suka shiga shagon furannin kamar masu saye. Ɗaya ya miƙa wa O'Banion hannu don gaisuwa ya riƙe shi gam, sauran biyun suka harbe shi. A Janairun 1925 mutanen O'Banion suka rama, suka ɗirka wa Torrio harsasai a ƙofar gidansa. Ya sha da ƙyar. Da ya warke ya gama ɗan zaman kason da aka yanke masa, sai ya miƙa wa Kapon komai ya tafi Italiya. Kapon yana da shekara 26.

Shekarunsa a kan mulki ba su wuce bakwai ba, kuma jini ne ya cika su. Bindigar Thompson mai aman harsasai, wadda aka ƙera don yaƙi, ta zama kayan aikin titi. A Satumban 1926 jerin motoci ya wuce gaban otel ɗinsa na Cicero da rana tsaka, aka zuba masa ruwan harsasai, Kapon ya kwanta a ƙasa ya tsira. Bayan mako uku aka kashe Hymie Weiss, wanda ya shirya harin, a gaban babbar majami'ar birnin. A wannan shekarar ma aka harbe wani mataimakin mai gabatar da ƙara na gwamnati, William McSwiggin, aka yi ta bincike, ba a ɗaure kowa ba. Shaidu kan manta abin da suka gani, ko su bar gari. Tsohon ubangidansa Frankie Yale shi ma bai tsira ba, an harbe shi cikin motarsa a Buruklin a 1928.

Bambancin Kapon da sauran shugabannin daba shi ne son a gan shi. Torrio yana ɓoye kansa, Kapon kuwa yana kiran ƴan jarida su zo. Yana sa kwat masu launi, da farar hula, da zoben lu'ulu'u, yana zuwa kallon wasan dambe da tseren dawaki jama'a na yi masa tafi. Motarsa Cadillac ce mai sulke da gilashi mai kauri. Hujjarsa kullum ita ce shi ɗan kasuwa ne mai biyan buƙatar jama'a, kuma manyan mutanen da ke zagin sa da rana su ne ke shan kayansa da dare. A nan dai akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa maganar ta shiga kunnen mutane. Sai dai ba giya kaɗai yake sayarwa ba. Akwai caca, akwai gidajen karuwai, akwai kuɗin dole da ake karɓa daga masu wanki da guga, da direbobi, da ƙananan ƴan kasuwa, wanda ya ƙi biya a jefa wa shagonsa bam. Jami'an gwamnati sun ƙiyasta cewa ƙungiyarsa na juya kusan dala miliyan 100 a shekara. A 1927 William Thompson, wanda ya yi alƙawarin sassauta wa mashaya, ya koma kujerar magajin gari, Kapon kuma ya dawo cikin birnin, daga baya ya kafa hedikwatarsa a otel ɗin Lexington.

Abin da ya juya masa ra'ayin jama'a ya faru ranar 14 ga Fabrairun 1929, ranar da Turawa ke kira ta masoya. Da safe mutum huɗu, biyu sanye da kayan ƴan sanda, suka shiga wani gareji a arewacin birnin inda mutanen George Moran, magajin O'Banion, ke taruwa. Mutum bakwai da ke ciki suka ɗauka samame ne na yau da kullum, irin wanda ake kashewa da na goro. Aka ce su juya su fuskanci bango, suka juya, aka buɗe musu wuta. Cikin mamatan har da makaniken da ke gyaran motoci da wani mai sayar da tabarau da ke sha'awar zama da ƴan daba. Moran da kansa ya makara, ya tsira. Kapon yana gidansa na Mayami a jihar Fulorida, kuma har yau babu kotun da ta kama kowa da wannan kisa. Amma hotunan gawawwakin sun fito a jaridun ƙasar duka, kowa kuma ya san inda zai nuna da yatsa.

Bayan wata uku aka kama shi a Filadelfiya da bindiga a ɓoye, aka yanke masa shekara guda, ya yi wata goma ya fito a Maris na 1930. Ya tarar da gari ya canza. Tattalin arziki ya rushe, mutane sun rasa aiki, wata hukumar ƴan ƙasa mai yaƙi da laifuka a Shikago ta fitar da jerin mutum 28 da ta kira maƙiyan jama'a, sunansa a sama. Ya buɗe wurin rabon abinci kyauta ga marasa aiki, sau uku a rana, dogayen layuka suka kafu. Talakawa sun ci, sun gode, amma a Washintan shugaba Herbert Hoover ya riga ya ba da umarnin a kawar da shi.

Wanda ya kalli fim ɗin 1987 da muka sani da sunansa na Faransanci, Les Incorruptibles, inda Robert De Niro ya fito a Kapon, Kevin Costner kuma a Eliot Ness, zai ɗauka Ness da ƴan tawagarsa ne suka kayar da shi. Ness mutum ne na gaske, ya fasa masana'antun giya da dama, ya ƙi cin hanci, ya jawo wa Kapon hasara. Amma ba aikinsa ne ya kai Kapon kaso ba. Waɗanda suka yi wannan ma'aikatan lanho ne, masu zama kan tebur da tabarau, ƙarƙashin Elmer Irey da Frank Wilson.

Makaminsu hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1927, cewa kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya ma dole a biya masa haraji. Wannan ya sa ɗan daba cikin tsaka mai wuya: in ya bayyana kuɗinsa ya tona kansa, in ya ɓoye ya karya dokar haraji. Da wannan aka fara ɗaure yayansa Ralph, da ma'ajinsa Jake Guzik, da mataimakinsa Frank Nitti. Shi Kapon ya fi su wayo. Bai taɓa cika takardar haraji ba, ba shi da asusun banki da sunansa, gidan Mayami ma da sunan matarsa yake. Wilson ya yi ta tonon takardu har ya ci karo da wasu littattafan lissafi da aka kwace a wani gidan caca na Cicero tun 1926, aka jefa cikin akwati aka manta. Ya bi sawun rubutun hannun da ke ciki har ya gano akawun da ya rubuta su, aka ɓoye mutumin don kada a kashe shi kafin ya ba da shaida. Lauyan Kapon kuma, cikin neman sulhu da hukumar haraji a 1930, ya rubuta wasiƙa yana amincewa cewa mai gidansa ya samu kuɗi masu yawa a waɗannan shekaru. Wasiƙar nan ta zama igiyar da aka ɗaure shi da ita.

A Yunin 1931 aka tuhume shi. Lauyoyinsa suka daidaita da masu gabatar da ƙara cewa zai amsa laifi a ba shi shekara biyu da rabi, har ya fara gaya wa ƴan jarida. Alƙali James Wilkerson ya ce kotunsa ba ta san da wannan ciniki ba. Aka shiga shari'a a Oktoba. A tsarin Amurka mutum 12 daga cikin jama'ar gari ne ke yanke ko mutum yana da laifi, kuma labari ya iso cewa yaran Kapon sun samu jerin sunayen waɗanda za a zaɓa daga cikinsu, sun fara bin su da kuɗi da barazana. Ranar farko, alƙalin ya musanya rukunin nasa gaba ɗaya da na wata kotu. Tun da babu takardar da ke nuna abin da Kapon ya samu, sai gwamnati ta nuna abin da ya kashe. Aka riƙa kiran teloli, da masu kanti, da mahauta, suna lissafa kwat, da rigunan siliki, da nama, da kuɗin waya, da kan ɗamara mai lu'ulu'u da yake rabawa abokai. Lauyoyinsa suka ce ai duk abin da ya samu ya tafi a cacar dawaki, kariyar da ita kanta amincewa ce cewa kuɗin sun shigo. Ana cikin haka aka kama mai tsaronsa da bindiga cikin kotu. Aka same shi da laifi biyar, ranar 24 ga Oktoban 1931 aka yanke masa shekara 11 da tarar dala 50,000, ban da bashin harajin da ya haura dala 200,000.

Yana tsare yana ɗaukaka ƙara sai Scarface ya fito. Howard Hawks ne ya ba da umarni, attajirin nan Howard Hughes ya zuba kuɗi, Paul Muni ya fito a Tony Camonte, mai tabo a kunci. Wanda ya rubuta labarin, Ben Hecht, tsohon ɗan jarida ne a Shikago, ya san mutanen nan ido da ido. Kisan ubangida na farko, da ruwan harsasai a gidan abinci, da mutum bakwai a jikin bango, duk suna ciki. Hawks ya sa alamar gicciye mai kama da harafin X a wani lungu na hoton duk lokacin da za a kashe wani, mai kallo da ya lura zai riƙa ganin ta a fitila, a ƙarfen rufi, a lambar ƙofa. Masu tace finafinai sun riƙe fim ɗin wata da watanni suna cewa yana ƙawata daba. Suka sa a ƙara masa taken da ke kiran abin kunyar ƙasa, suka sa a ɗauki wani ƙarshe inda ake rataye Camonte. Hecht ya ba da labari daga baya cewa mutum biyu na Kapon sun same shi a ɗakinsa na otel suna tambayar ko fim ɗin a kan mai gidansu yake, ya lallashe su cewa suna kawai aka ara don jawo ƴan kallo. A fim ɗin, Camonte ya mutu a titi da harsasan ƴan sanda. Ƙarshen Kapon bai yi kama da wannan ba ko kaɗan.

A Mayun 1932 aka kai shi kurkukun Atlanta, aka sa shi ɗinkin takalma. A 1934 aka mayar da shi Alcatraz, tsibirin dutse da ke gaban San Faransisko, inda kuɗi ba ya sayen komai. Ya yi wanki, ya goge ƙasa, wani ɗan kaso ya soke shi da almakashi a 1936, ya riƙa kaɗa banjo a ƙungiyar kiɗan fursunoni. A waje kuma an soke dokar hana giya tun Disamban 1933. Ciwon tunjere da ya ɗauka tun yana saurayi, bai nemi magani ba, ya hau masa ƙwaƙwalwa. A 1938 likitoci suka tabbatar da haka, ya ƙare zamansa na Alcatraz a asibitin kurkukun yana surutai. An sake shi ranar 16 ga Nuwamban 1939. Kwana takwas kafin nan aka harbe Edward O'Hare, tsohon abokin harkarsa a tseren karnuka, wanda ya riƙa tsegunta wa Wilson asirai. Ɗan wannan mutum ne matuƙin jirgin yaƙin da babban filin jirgin saman Shikago ke ɗauke da sunansa a yau.

Ƙungiyar da ya bari ba ta mutu ba, ta ma fi samun natsuwa da babu shi. Nitti da Paul Ricca da Tony Accardo suka daina hira da ƴan jarida, suka shiga ƙungiyoyin ƙwadago. Ta hannun ƙungiyar ma'aikatan silima suka riƙa tatsar manyan kamfanonin finafinan Holiwud da barazanar yajin aiki, wato masu yin finafinan daba su ma suna biyan daba. Da aka tuhume su kan wannan a Maris na 1943, Nitti ya harbe kansa.

Kapon bai sake taka rawa a komai ba. Wani babban asibiti a Baltimo ya ƙi karɓar sa saboda sunansa, wani ya karɓe shi. Yana cikin fararen hula na farko da aka yi wa allurar fenisilin a Amurka, amma ɓarnar ta riga ta yi nisa. Ya koma gidan Mayami, yana yini cikin rigar barci a bakin ruwa, matarsa na kula da shi. A 1946 likitocinsa suka ce hankalinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 12 ba. Ranar 21 ga Janairun 1947 jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, ciwon huhu ya biyo baya, ranar 25 ga wata zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara 48. An binne shi a Shikago, daga baya aka mayar da gawar maƙabartar Mount Carmel da ke bayan gari.

Da aka fara nuna jerin wasan talabijin na Les Incorruptibles a 1959, matarsa da ɗansa da ƙanwarsa suka kai kamfanin ƙara suna neman diyya, cewa ana cin kasuwa da sunan mamaci ana ƙaga masa laifukan da bai yi ba. Kotu ta yi watsi da ƙarar. Mae ta rasu a 1986, shekara guda kafin De Niro ya sa farar hular mijinta.